Yadda "Ban Ji Ba" Ta Mutu a Zango

Da, idan aka yi rasuwa a Zangon Kumasi, labari da ƙafa yake yawo. Ladan zai faɗa a lasifika bayan sallar asuba, wanda ya ji ya gaya wa maƙwabcinsa ta kan katanga, mai koko ta gaya wa duk wanda ya miƙo mata kwano, kafin la'asar an kai gawa maƙabartar Tafo an dawo. Labarin da ke tafiya da ƙafa kuwa dole ya tsallake wasu ƙofofi. Kowa ya san haka, shi ya sa muke da wata magana mai daraja da muka gada daga iyayenmu: ban ji ba. Ka yi kwana goma ba ka je gaisuwa ba, ka yi kiciɓis da mai rasuwa a hanya, ka kama hannunsa ka ce ba ka ji ba, shi kuma ya ce ai ba komai, labarin ne bai zagaya ba. Ku rabu kowa da mutuncinsa. Yanzu labari ta waya yake zuwa, kuma idan ya zo yana komawa ya faɗi wanda ya tarar a gida.

Maganar tana da ƙa'idojinta, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana. Gwanaye ba sa haɗa ta da rantsuwa. Sabon shiga ne ke cewa wallahi ban ji ba, ya ɗauki zunubi a kan abin da ba a tambaye shi ba. Ba a yin ta sau biyu a jere ga gida ɗaya. Ba a yin ta ga maƙwabcin da kuke jin tarin juna. Kuma wanda aka gaya wa ba ya bincike, don ya san shi ma wata rana gwiwarsa za ta ƙi, ko ruwa ya tsare shi, ko dai kawai ransa ya ƙi fita.

Na yi shekaru ina aiki a jiragen ruwa, daga baya na koma fatauci. Na zauna Abidjan da Legas da Hamburg, na yi watanni a Omdurman, ban ga inda aka ƙware a wannan abu kamar mu ba. Tonawa, wato Asantawan da muke zaune a ƙasarsu, sai su ajiye gawa wata uku, su buga hoton mamaci ƙato kamar na ɗan takara, su kafa a kowace mararraba daga Manhyia har Kejetia. Wanda zai ce musu bai ji ba sai dai ya haɗa da cewa bai gani ba. Jamusawa kuma su sa ɗan layi a jarida cikin baƙin akwati, mutum shida su zo, ba wanda ya ƙirga, ba wanda ya ji haushi. Mu muna binnewa da sauri kamar ana korarmu, sannan muna son duk duniya ta halarta. Ban ji ba ce ke tsayawa tsakani kada waɗannan biyun su yi karo.

Da 'ya'yanmu suka watsu ƙasashen waje, ƙungiyar unguwarmu ta ga lasifikar ladan ba ta kai wa Hamburg. Aka fara da zauren hira na waya, irin wanda kowa ke jefa abin da ya ga dama. Bai yi ba. Sanarwar mutuwar wani dattijo ta nutse a ƙarƙashin hoton akuya mai ƙafa biyar da wa'azin wani malami da ba mu san garinsu ba da musun siyasa, har aka yi addu'ar uku iyalansa na waje ba su gani ba. Sai 'yar shugaban ƙungiya, wadda ke aikin jinya a Jamus, ta samo mana wani kamfani a intanet mai ba da abin da muka sa wa suna tasha. Ka yi wa wayarka rajista sau ɗaya, duk abin da aka sa a tashar sai ya zo maka da kansa ya jira ka, kamar rediyo mai haƙuri. Mutum ɗaya ne ke sakawa, Sakataren ƙungiya, tsohon malamin makaranta mai muryar masu karanta labarai. Rasuwa, suna, ɗaurin aure, addu'a, duk shi ke karantawa.

Tashar a kulle take da kalmar sirri. Dalilin kullewar, akwai wasu bayin Allah da suka mayar da bikin mutane gidan abinci, ba su san amarya ba, ba su san ango ba, amma sun san lokacin da ake sauke tukunya. Aka ce a kulle, sai 'yan ƙungiya. Kalma ɗaya ce ga kowa, kuma sirrin ya kai kamar mako biyu yana sirri. Wata rana na canza waya, kalmar ta kwanta mini, ina tsaye ƙofar gida ina ta dannawa, sai kafintan da ke maƙwabtaka da mu, Batone kuma Kirista, ya ɗago kai daga katakonsa ya karanta mini ita harafi bayan harafi. Na gode masa da Twi, harshensu. Masu bin tukunya ma ba su taɓa samun tsarin da ya yi musu daɗi kamar wannan ba, don yanzu har kwatancen gida Sakatare ke yi musu.

Duk da haka mun ji daɗin shekarun nan. Kalma ɗaya, waya ɗaruruwa, kamfani bai san wa ya buɗe ba, Sakatare bai sani ba. Ban ji ba ma sai ta ƙara ƙiba. Ta samu 'yan'uwa: ba data, waya ta faɗa ruwa, an ɗauke wuta ban yi caji ba.

Sai kamfani ya yi abin da suke kira sabuntawa. Saƙo ya zo da Turanci, da hoton balan-balan a sama kamar an yi musu haihuwa. Daga yanzu kowa da kalmarsa, kowa da sunansa. Kalmar kuma sai ta kai harafi takwas, da babban baƙi a ciki, da lamba. Sakatare ya kafa tebur a barandar masallaci kwana uku yana yi wa tsofaffi rajista. Rabin Zango suka zaɓi kalmar da muke buɗe kowane aiki da ita, na'ura ta ce ta yi sauƙin ganewa, a canza. Wani dattijo ya ce a gaya wa na'urar ta ji tsoron Allah. Da aka gama, masu hula suka rubuta tasu a takarda suka cusa cikin hula, shi ya sa a lokacin idan ka ga Alhaji ya cire hula a tsakiyar titi yana leƙa cikinta, ba zafi ba ne, sanarwa ce ta shigo.

Ni da nake jin harshe biyar na karanta saƙon har layi na uku. Da na ga an ce don tsaron lafiyarku ne, sai na ajiye. A tashoshin jiragen ruwa na koyi cewa duk takardar da ta fara da tsaron lafiyarka, a ƙarshenta akwai abin da za a karɓe maka. Darasin na riƙe, amma ban bi takardar zuwa ƙarshe na ga abin da za a karɓe ba. A can ƙasa aka rubuta cewa duk wanda ya ba da sanarwa za a aiko masa jerin waɗanda suka saurara, da rana, da lokaci, don hankalinsa ya kwanta cewa saƙonsa ya isa.

Ina da aboki, dillalin shanu ne a mayanka, mahaifinsa daga wajen Nijar ya gangaro da garke ya zauna. Tun muna samari muke tare. Shi yana kirana Ɗan Jirgi, ni ina kiransa Sarkin Ƙaho. Lokacin da mahaifina ya rasu ina tsakiyar teku, sai bayan wata guda wasiƙa ta same ni. Shi ya shiga kabari ya karɓi tsohon, shi ya zauna a tabarmar gaisuwa a wurina har kwana bakwai, mutane suna yi masa ta'aziyya kamar ɗan gida. Bai taɓa tuna mini ba, ko sau ɗaya.

Wata Talata bayan la'asar waya ta yi ƙara. Na cire hula, na duba kalma, na buɗe. Muryar Sakatare: Allah ya yi wa yayar abokina rasuwa, za a yi jana'iza gobe da safe a Ejura, inda take aure, addu'ar uku ma a can. A makon nan na riga na je jana'iza uku da suna ɗaya. Gwiwata ta hagu ta kumbura kamar gwanda. Ejura kuwa awa biyu ne a trotro, waɗannan ƙananan motocin haya da ake zama gwiwa a ƙirji. Na sake kunna sanarwar, ko Allah zai sa a Kumasi aka ce. Ejura dai.

Hajiya matata tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗago kai.

"Alhaji, kamar muryar Sakatare nake ji."

"Ni ban ji komai ba."

"To. Ni ma ban ji ka sake kunnawa ba."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Na ce a raina zan bari ya dawo, in je gida in yi gaisuwa mai kyau. Matar ta tsufa, mutane za su cika, wa zai lura. Ban kira shi ba, don wanda bai ji ba ba ya kira. Wannan ma yana cikin ƙa'ida.

Bayan kwana goma na je tashar motoci ta Race Course karɓar doya da aka aiko mini daga arewa, sai ga shi tsakanin motoci yana sallamar wasu baƙi. Ya rame kaɗan. Na ajiye doyar, na nufe shi da fara'a, na ce, "Sarkin Ƙaho, ina ka shiga? An ce shanu sun yi maka tawaye."

Ya ce, "Ina Ejura. Yaya ce ta rasu."

To a nan na yi aikin da na fi shekara hamsin ina gogewa. Na tsaya cak. Na yi salati. Na kama hannunsa da hannu biyu. Na ce, "Yaushe? Yaya dai tamu? Haba! Ban ji ba."

Ya bar ni na gama, har da addu'a, har ya amsa da amin. Sannan ya zare hannunsa a hankali, ya sa a aljihun gaba, ya fito da takarda a ninke huɗu. Shi ba ya karatun boko. 'Yarsa ce ta karanta masa, ya sa ta ja layi da biro a ƙarƙashin suna ɗaya. Ya nuna mini da babban yatsa.

"Talata, bayan la'asar," in ji shi. "Sau biyu."

Wani kwandasta yana ta ihun Tamale, Tamale a bayanmu. Na duba takardar. Sunana ne, har da minti.

"Na farkon na gane," ya ce. "Na biyun me kake nema a ciki, Alhaji? Ko ba ta mutu da kyau ba?"

Ya ninke takardarsa ya mayar, ya ce a gaida Hajiya, ya tafi. Abin da ya fi sukata ba tambayar ba ce, Alhajin nan ne. Rabon da ya kira ni Alhaji tun ranar da na dawo daga Makka, shi ma da dariya ya faɗa.

Daga ranar ya shiga gaishe ni cikakkiyar gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya jiki, madalla, sai an jima. Irin gaisuwar da ake yi wa surukin maƙwabci. A masallacin Juma'a, inda muka saba sahu ɗaya kusa da ginshiƙi, sai ya koma wajen taga, wai iska yake so.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Takardun nan sun shiga Zango kamar gobara a kasuwar katako. Wata Hajiya ta je gidan ƙawarta da jeri a hannu, ta ce kin ji sanarwar sunan jikata, kin ji kalar yayin, wato ankon, da za a ɗinka, har sau huɗu kika saurara, sannan kika ce mini kina Tamale. Surukai biyu suka daina magana. Wani mai shago ya manna jerin ɗaurin auren ɗansa a bango kusa da sikeli, duk wanda ya zo sayen sukari sai ya duba ko sunansa na ciki kafin ya buɗe baki.

Na je wurin Sakatare a gida. Na ce, "Malam, na'urar nan ba ta kuskure ne? Ko waya a aljihu ba za ta iya kunna kanta ba?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Alhaji, kai ne na huɗu yau. Wayoyin Zango duk sun koyi kunna kansu a aljihu, kuma duk sanarwar nesa suke kunnawa. Ta cikin unguwa ba sa taɓawa."

Na dawo gida na ce wa Hajiya, ko za ta yarda in ce ita ta ɗauki wayata ta saurara ta manta ba ta gaya mini ba.

"Ni? In manta da mutuwa? Ka tambayi Zango kaf ko na taɓa manta wanda ya yi atishawa. Nemi wata ƙaryar, Alhaji, wannan ba za ta shige ni ba."

Ƙungiya ta kira taro. Dattawa suka cika, kowa da fushinsa, aka ce a rubuta wa kamfani su cire jerin nan, tonon asiri ne, ba tarbiyyarmu ba ce. Sakatare ya ce to, waɗanda suka yarda a cire su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi. Sai wani dattijo da zai aurar da 'ya'ya biyu a watan gobe ya ce a dakata, shi yana ganin a bari a wuce bikinsa tukuna. Wani ya ce matarsa na da tsohon ciki, a haɗa da sunan. Wani ya ce shi da ya je wa kowa shekara arba'in, yanzu da zai ga masu cin amanarsa ne za a rufe? Hannuwa suka dinga sauka ɗaya bayan ɗaya kamar ana sauke shanya. A ƙarshe aka gane matsayar taro: kowa yana son jeri a kan sabgarsa, ba ya so a kan ta wani. Sakatare ya rubuta wa kamfani haka nan, da Turancinsa mai kyau. Suka amsa da godiya mai yawa, suka ce ra'ayinmu na da muhimmanci a wurinsu.

Amma Zango ba ta rasa dabara. Akwai wani tela a bakin hanyar Ashanti New Town wanda ba ya fashin jana'iza ko biki, ko na wa ne, ko a ina ne. Mutum ne da Allah ya ba shi ƙafa da son taro. Tunda shi zai je ko ta yaya, ba abin da jeri zai rage shi da shi. Sai aka mayar da shi mai buɗewa. Da sanarwa ta shigo, ba mai taɓa wayarsa, sai ka ga dattawa suna sulalewa ɗaya ɗaya zuwa shagon tela, wannan ya zo duba wuyan riga, wancan maɓalli ya cire. Tela ya jingina waya a kan keke ya ƙure murya. Kowa ya juya baya yana duba yadi. Aka gama, kowa ya watse bai ji ba. Ni ma na je sau biyu, na tarar da limamin wani masallaci yana auna hannun rigar da ba tasa ba.

Mako biyu ana haka, sai ga balan-balan sun sake zuwa. Sabuwar sabuntawa. Kamfani ya ce saboda sauraron ra'ayin jama'a, yanzu jerin zai nuna har waɗanda saƙo ya isa wayarsu suka ƙi buɗewa. Da can laifinka ka ji ba ka zo ba. Yanzu ka ga mutuwa ta ƙwanƙwasa ka leƙa ta taga ka ƙi buɗe ƙofa. Shagon tela ya koma shagon ɗinki.

Duk wannan ina kallo ina dariya tare da mutane, amma Juma'a na zuwa in ga bayan abokina a wajen taga. Na lissafa waɗanda suka rage da suka san ni tun ina da baƙin gashi, ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Na yi tunanin aika masa dattijo ya ba shi baki. Na fasa, don dattijon zai tambaye ni me zan ce, kuma ba ni da abin cewa sai abu ɗaya da bakina bai saba da shi ba.

Da sanarwar addu'ar arba'in ta shigo, na buɗe sau ɗaya. Ranar na ɗaure gwiwa da bandeji na shiga trotro. Kwandasta ya dubi sandata ya ce, "Wofa, zauna gaba," wato kawu, amma gaban ma akwai buhun albasa a ƙarƙashin ƙafa. Har Ejura gwiwata na gaya mini abin da take tunani a kaina.

An yi rumfa a ƙofar gida, malamai na karatu. Ya gan ni tun daga nesa ina ɗingishi, bai taso ba. Na bari aka shafa, aka raba goro da masa, mutane suka fara raguwa, sannan na ja jiki na zauna a gefen tabarmarsa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya?"

"Na ji," na ce masa.

"Me ka ji?"

"Ranar Talata. Na ji, ban zo ba. Gwiwa ce, da kasala. Kasalar ta fi yawa."

Ya daɗe yana ɓare goro bai ci ba. Can ya ce, "Me ya hana ka kira ni ka ce gwiwa?"

"Da na ce gwiwa, da ka ce gwiwata ta fi mini yayarka."

"Da na ce."

"To ka gani."

"Da na ce, da na zage ka, da an wuce wurin." Ya jefa goron a baki. "Kai kana tsammani ban san ban ji ba ba? Ni da nake sayar da shanu? Na san ta tun kafin ka ga teku. Da ka zo mini da ita babu takardar nan, da na san ƙarya ce, da kuma na karɓa. Karɓar ma ai daɗi gare ta, mutum ya ce wa ransa wataƙila da gaske ne. Ni ban nemi takarda ba. Yarinyar nan ce ta kawo mini, wai Baba ga waɗanda suka ji. Na ce karanta. Da ta zo kan sunanka na ce sake karantawa. Tunda na ji, ina zan kai shi?"

Na ce, "Ka yafe mini."

"Yayata za ka roƙa, ita ce kullum take tambaya ina ɗan jirgin nan mai kawo mata turaren Sudan." Sai ya dubi bandejin. "Wa ya ɗaure maka wannan? Ko saniya ba na ɗaure wa ƙafa haka."

Ya sa aka kawo mini kujera da tuwo. Da yamma muka dawo Kumasi a motar wani ɗan'uwansa, shi a gaba ni a baya na miƙe ƙafa. A hanya ya ce ya gaya wa 'yarsa ranar da ya mutu kada a karɓi jeri, kada a karanta wa kowa. Ta ce masa ba a iya kashewa, da kansa yake zuwa. Ya ce to a bai wa akuya ta cinye.

Mun koma sahu ɗaya, amma ba zan ce komai ya koma yadda yake ba. Yanzu duk abin da ya taso a gidansu, ko sunan jikan ƙanin matarsa ne, ba ya jiran Sakatare. Da kansa yake kirana, ya faɗa mini rana da wuri, sannan ya ce, "Ka ji?" Ba ya kashe waya sai na ce na ji. Wani lokaci in je. Wani lokaci in ce masa na ji, ba zan iya ba, ya yi tsaki ya ce Allah ya shirye ni, mu yi sallama. Tsakin yana yi mini ciwo har yanzu, shi ma na san ƙin zuwan yana yi masa.

Tashar na nan, kowa da kalmarsa a cikin hula, kuma an ce wata sabuntawar na tafe. A Zango yau ba mai ce wa mai rasuwa bai ji ba. Ko dai ka je, ko ka dubi idon mutum ka gaya masa dalilinka na gaskiya.